BABI NA UKU: ZAƁEN ABOKIN TAKARAR SHUGABAN ƘASA A NIJERIYA, 1979 ZUWA 2023

3.0 Gabatarwa

Babin da ya gabata ya yi bayani a kan yadda jam'iyyun siyasa suke fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Wannan babi kuwa zai duba matakin da ke biye da wancan, wato zaɓen mutumin da zai tsaya wa ɗan takarar a matsayin mataimaki. Za a fara da ma'anar abokin takara da asalin tsarin, sannan a kawo abin da Kundin Tsarin Mulki ya tanada. Daga nan za a bi ma'aunan da 'yan siyasar Nijeriya suka riƙa amfani da su tun daga 1979, a auna su da sakamakon zaɓuɓɓukan da aka yi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, akasari ana ɗauko abokin takara ne domin cin zaɓe, alhali doka ta ajiye shi ne domin gadon kujerar shugaban ƙasa, kuma wannan saɓani ya taɓa jefa ƙasar cikin ruɗani.

3.1 Ma'anar Abokin Takara da Asalin Tsarin

Abokin takara shi ne mutumin da ɗan takarar shugaban ƙasa ya gabatar domin su shiga zaɓe tare, a kan cewa idan an ci shi ne zai zama mataimakin shugaban ƙasa. Mai jefa ƙuri'a ba ya zaɓen ɗaya ya bar ɗaya. Ƙuri'a guda ita ce ta mutanen biyu, shi ya sa 'yan siyasa suke kiran haɗin da suna tikiti.

Idan aka kwatanta da sarautar gargajiya ta ƙasar Hausa, za a ga wannan muƙami ya haɗa abubuwa biyu da aka saba rabawa. Waziri mashawarci ne kuma mataimaki, amma bisa al'ada ba ya gadon sarauta. Ciroma kuwa sarauta ce da aka fi ba ɗan sarki wanda ake kyautata zaton zai gaji mahaifinsa. Mataimakin shugaban ƙasa yana zaman waziri muddin shugaba na kan kujera, ranar da kujerar ta zama babu kowa kuma shi ne magaji ba tare da an sake zaɓe ba.

A Jamhuriya ta Farko babu wannan muƙami, domin tsarin firayim minista irin na Ingila ake bi. An samo shi ne daga Amurka. A can ma da farko ba a tsayawa tare, wanda ya zo na biyu a zaɓe shi yake zama mataimaki. A 1796 wannan ya haifar da shugaba John Adams da mataimaki Thomas Jefferson daga ɓangarori biyu masu adawa da juna. A 1800 kuma Jefferson ya yi kunnen doki da Aaron Burr na jam'iyyarsa, sai da majalisa ta raba gardama. Saboda haka a 1804 aka yi wa kundin ƙasar gyara na 12, aka raba ƙuri'ar shugaba da ta mataimaki, daga nan al'adar tsayawa tare ta kafu. Ya zuwa yau mataimaka tara ne suka hau kujerar shugabancin Amurka a tsakiyar wa'adi, takwas saboda mutuwar shugaba, ɗaya saboda murabus ɗin Richard Nixon a 1974.

A Nijeriya, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta kafa kwamitin rubuta sabon kundi a 1975 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Kwamitin ya ba da shawarar tsarin shugaba mai cikakken iko, kuma a kansa aka gina Kundin 1979. Tun kafin kundin ya fara aiki, sojoji sun nuna irin lissafin da farar hula za su bi daga baya. Da aka kashe Murtala a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Janar Olusegun Obasanjo ya gaje shi, sai aka ƙara wa Shehu Musa 'Yar'aduwa girma daga laftanar kanar zuwa birgediya domin ya zama na biyu, Arewa ta ga nata a kusa da mulki.

3.2 Abin da Kundin Tsarin Mulki Ya Tanada

Kundin 1999 ya yi magana a kan mataimakin shugaban ƙasa a sassa da dama. Waɗanda suka shafi wannan bincike su ne:

(a) Sashe na 142 ya ce takarar mai neman shugabanci ba ta inganta sai ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsa. Idan aka zaɓi ɗan takarar, ana ɗauka an zaɓi abokin nasa.

(b) Sharuɗɗan sashe na 131 suna kan mutanen biyu daidai wa daida. Dole mutum ya zama ɗan Nijeriya ta hanyar haihuwa, ɗan wata jam'iyya wadda ta tsayar da shi, mai ilmin da ya kai matakin kammala sakandare ko makamancinsa. Shekaru a da 40 ne, a gyaran 2018 aka rage su zuwa 35.

(c) Sashe na 134 ya ce ba a cin zaɓe da yawan ƙuri'a kawai. Sai ɗan takara ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya.

(d) Sashe na 146 ya ce mataimaki ne zai zama shugaba idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, ko ya gaza har abada. Sashe na 136 kuma ya ba shi wannan gado ko da zaɓaɓɓen shugaban ya rasu kafin rantsuwa.

(e) Sashe na 143 ya nuna cewa majalisar ƙasa ce kaɗai take iya tsige mataimaki, ta hanya ɗaya da ake tsige shugaba.

Abin lura a nan shi ne, kundin bai ba mataimaki aiki mai yawa na kansa ba. A Amurka shi ne shugaban majalisar dattawa, a Nijeriya kuwa ba shi da kujera a majalisa. Babban aikin da aka rubuta masa shi ne shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda yake zama da gwamnonin jihohi da gwamnan Babban Banki. Sauran ayyuka sai abin da shugaba ya ga damar ba shi bisa sashe na 148. Ke nan nauyin muƙamin yana ga gado ne.

Haka kuma kundin bai ce sai abokin takara ya fito daga wani ɓangare ko wani addini ba. Iyakar abin da ya yi kusa da haka shi ne sashe na 14, wanda ya ce a kafa gwamnati yadda za ta nuna yanayin tarayya, kada 'yan wasu jihohi ko wata ƙabila su mamaye. Raba tikiti tsakanin Kudu da Arewa, ko tsakanin Musulmi da Kirista, al'adar siyasa ce wadda sharaɗin sashe na 134 ya ƙarfafa.

Kasancewar tikitin abu ɗaya ne yana da hatsarinsa, kuma an ga misalinsa a matakin jiha. A ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon na jam'iyyar APC a zaɓen gwamnan Bayelsa, saboda matsalar da aka samu a takardun da mataimakinsa ya miƙa wa hukumar zaɓe. Laifin mataimaki ya ci gwamna. Wannan ya nuna cewa binciken takardun abokin takara wajibi ne kafin a miƙa sunansa.

3.3 Ma'aunan da Ake Bi Wajen Zaɓen Abokin Takara

Daga nazarin zaɓuɓɓukan 1979 zuwa 2023 ana iya fitar da ma'auni huɗu. Ba safai ɗaya yake aiki shi kaɗai ba, amma za a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya domin sauƙin bayani.

3.3.1 Ɓangaren Ƙasa da Ƙabila

Wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowanne ƙarfi. Tun daga 1979 babu tikitin da ya ci zaɓen shugaban ƙasa face ya haɗa ɗan Arewa da ɗan Kudu. A 1979 Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme, masanin zanen gine-gine daga Oko ta jihar Anambara. Wannan zaɓi yana da ma'ana ta musamman, domin shekara tara kacal ke nan da ƙare yaƙin basasa a 1970, sai ga ɗan ƙabilar Ibo ya zama na biyu a ƙasa. Malam Aminu Kano na PRP ya ɗauki Samuel Ikoku, shi ma Ibo. Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Wanda ya saɓa wa wannan lissafi shi ne Cif Obafemi Awolowo na UPN, wanda ya ɗauki Philip Umeadi daga Anambara. Tikitin ya zama na 'yan Kudu biyu, kuma Kiristoci biyu. Awolowo ya zo na biyu da ƙuri'a 4,916,651, Shagari kuma ya sami 5,688,857. Tazarar ba ta kai miliyan ɗaya ba, amma galibin ƙuri'un Awolowo sun taru ne a jihohin Yamma da Bendel. Shagari kansa da ƙyar ya cika sharaɗin yaɗuwa, domin ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12 daga cikin 19, a Kano kuma ya tsaya a kusan kashi 20 cikin 100. Sai da Kotun Ƙoli ta amince da lissafin sha biyu da biyu bisa uku kafin nasarar ta tabbata. A zaɓen 1983 Awolowo ya sauya, ya ɗauki Alhaji Muhammadu Kura daga jihar Bauci.

3.3.2 Addini

Ma'auni na biyu shi ne addini. A yawancin lokuta yana tafiya tare da na ɓangare ba tare da wahala ba, domin Musulmin Arewa yana da Kiristocin Kudu da yawa da zai zaɓa daga ciki, haka shi ma Kiristan Kudu yana da Musulmin Arewa. Shagari da Ekwueme, Obasanjo da Atiku Abubakar, Umaru Musa 'Yar'aduwa da Goodluck Jonathan, Jonathan da Namadi Sambo, Muhammadu Buhari da Yemi Osinbajo, duk a kan wannan tsari suke.

Matsala tana tasowa ne idan ɗan takara Musulmi ne daga Kudu. Idan ya ɗauki Kiristan Arewa ya daidaita addini, amma ya ɗauko daga marasa rinjaye a yankin da yake neman ƙuri'a. Idan ya ɗauki Musulmin Arewa ya kama rinjaye, amma Kiristocin ƙasa sun rasa wakili a tikitin. Sau biyu aka fuskanci wannan a babbar jam'iyya, kuma duka biyun lissafin ƙuri'a ne ya rinjayi na addini.

Na farko shi ne 1993, lokacin da Cif M.K.O. Abiola na SDP ya ɗauki Ambasada Babagana Kingibe daga Barno. Abokin karawarsu Alhaji Bashir Tofa na NRC ya bi al'ada, ya ɗauki Dokta Sylvester Ugoh, Kirista ɗan ƙabilar Ibo. Duk da haka sakamakon da ya fito daga jihohi a zaɓen 12 ga Yuni ya nuna Abiola ne a gaba, har ma a Kano, jihar Tofa, kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen.

Na biyu shi ne 2023. A watan Yuli na 2022 Bola Ahmed Tinubu na APC ya sanar da Kashim Shettima, tsohon gwamnan Barno, a matsayin abokin takararsa. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ta yi tir da zaɓin, wasu Kiristocin Arewa na cikin jam'iyyar kuma suka juya mata baya. Tinubu ya ci zaɓen da ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520, Peter Obi na LP ya sami 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma ya sami 1,496,687. Amma kason Tinubu bai kai kashi 37 cikin 100 ba, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da wani ya ci zaɓen shugaban ƙasa da shi tun 1999. Ya kuma rasa Legas da Filato da Nasarawa da Abuja ga Obi. Daga nan za a iya cewa ana iya tsallake ma'aunin addini a ci zaɓe, amma ba a tsallake shi kyauta.

Akwai kuma lokacin da ɗan takara yake amfani da addinin abokin takara domin wanke kansa daga wani zargi. Buhari, wanda abokan hamayya suka daɗe suna jifansa da tsattsauran ra'ayin addini, ya ɗauki Fasto Tunde Bakare a 2011, sannan a 2015 ya ɗauki Farfesa Osinbajo, lauya kuma fasto.

3.3.3 Ƙarfi a Cikin Jam'iyya

Ma'auni na uku ya shafi cikin gida. Zaɓen fid da gwani yakan bar jam'iyya a rarrabe, sai kujerar mataimaki ta zama abin lallashi ko ladan goyon baya. Kingibe shi ne ya zo na biyu a taron SDP na Jos a 1993, kuma tsohon shugaban jam'iyyar ne mai goyon bayan gwamnoninta. Atiku, wanda ya janye wa Abiola a taron, bai sami kujerar ba. A 1999 kuwa Obasanjo, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba kuma ba shi da jama'ar siyasa tasa ta kansa, ya ɗauki Atiku, jigo a ƙungiyar PDM da marigayi Shehu 'Yar'aduwa ya bari. A lokacin an riga an zaɓi Atiku gwamnan Adamawa, sai ya bar wa mataimakinsa Boni Haruna kujerar. A 2015 ma, Osinbajo ya fito ne daga ɓangaren tsohuwar ACN a haɗakar da ta haifi APC, domin ya riƙe kwamishinan shari'a na Legas daga 1999 zuwa 2007 a gwamnatin Tinubu.

Rashin kula da wannan ma'auni yana da tsada. A taron PDP na watan Mayu 2022 Atiku ya sami ƙuri'a 371, gwamnan Ribas Nyesom Wike ya sami 237. Atiku ya tsallake Wike ya ɗauki gwamnan Delta Ifeanyi Okowa. Rikicin da ya biyo baya ya kai ga gwamnonin PDP biyar, na Ribas da Oyo da Binuwai da Inugu da Abiya, suka ƙi yi masa yaƙin neman zaɓe. Atiku bai ci ko ɗaya daga cikin jihohin biyar ba.

3.3.4 Biyayya

Ma'auni na huɗu ba a cika furta shi a fili ba. Ɗan takara yana son mataimakin da ba zai zame masa kishiya ba, domin Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wannan yana karo da ma'auni na uku, saboda mutumin da yake da jama'a da ƙarfin da zai kawo ƙuri'a, shi ne kuma mai ƙarfin da zai iya ja da shugaba.

Zaman Obasanjo da Atiku ya isa misali. A wa'adinsu na biyu dangantaka ta lalace, Atiku ya fito fili ya yi adawa da yunƙurin tazarce karo na uku, wanda Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Mayu 2006. A ƙarshen shekarar ya karɓi takarar jam'iyyar AC yana kan kujerar mataimaki. Fadar shugaban ƙasa ta ce ya rasa muƙaminsa, amma a watan Afrilu 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa shugaba ba shi da ikon cire mataimakinsa, ko da ya sauya jam'iyya. Hukuncin ya nuna wa 'yan takara cewa minista ana sallamarsa da takarda ɗaya, mataimaki kuwa idan an ɗauke shi an ɗauka ke nan har shekara huɗu. Kingibe ma ya bar irin wannan darasi ta wata fuska, domin a watan Nuwamba 1993 ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin Janar Sani Abacha, ya bar Abiola da fafutikar zaɓen da aka soke.

3.4 Tasirin Abokin Takara a Kan Ƙuri'a

Tun da akasarin ma'aunan nan lissafin ƙuri'a ne, ya dace a duba ko lissafin yana fita. Sakamakon zaɓuɓɓuka ya nuna cewa wani lokaci yana fita, wani lokaci ba ya fita.

A ɓangaren nasara, tikitin Cif Olu Falae da Alhaji Umaru Shinkafi ya ci Sakkwato da Zamfara a 1999, yankin da Shinkafi ya fito kuma jam'iyyar APP take da ƙarfi. A 2019 Atiku ya ci Anambara da gagarumin rinjaye tare da Peter Obi. A 2023 Tinubu ya ci Barno, jihar Shettima.

A ɗaya ɓangaren, Ekwueme bai iya samar wa Shagari ko kashi ɗaya cikin huɗu a Anambara ba a 1979, domin Azikiwe yana cikin takarar. Buhari ya gwada Chuba Okadigbo a 2003, da Edwin Ume-Ezeoke a 2007, da Bakare a 2011, duk bai ci jiha ko ɗaya a Kudu ba. A 2015 kuwa ya ci biyar daga cikin jihohi shida na Kudu maso Yamma. Bakare da Osinbajo duka Yarbawa ne kuma fastoci, bambancin shi ne Osinbajo ya zo da jam'iyya mai gwamnoni da 'yan majalisa a bayansa, Bakare kuwa ya zo shi kaɗai. A 2023 Okowa yana gwamna mai ci, amma Delta ta zaɓi Obi. Shi ma Obi bai ci Kaduna ba, jihar abokin takararsa Yusuf Datti Baba-Ahmed.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa masu zaɓe suna duba wanda ke saman tikiti ne da farko. Abokin takara yana yin tasiri idan wakilin wata ƙungiyar siyasa ce mai jama'a a ƙasa, kuma idan babu ɗan yankinsa da ke neman kujerar shugaba a wata jam'iyya. Ƙabila ko addininsa kaɗai ba sa ɗauko ƙuri'a, iyakarsu su rage tsoron da wani ɓangare yake yi wa ɗan takara.

3.5 Batun Gado: Darasin 2010

Ma'aunin da ya fi dacewa da manufar kundi, wato cancantar riƙe ƙasa, shi ne aka fi yin sakaci da shi. Abin da ya faru daga 2007 zuwa 2011 ya bayyana haka.

A zaɓen 2007 PDP ta tsayar da gwamnan Katsina Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda an san yana fama da rashin lafiya tun yana gwamna. Aka haɗa shi da Goodluck Jonathan, wanda ya zama gwamnan Bayelsa a watan Disamba 2005 bayan an tsige Diepreye Alamieyeseigha. Zaɓin ya cika ma'aunan da aka ambata: ɗan Kudu ne, Kirista, daga yankin Neja Delta mai arzikin mai inda matasa suka ɗauki makamai a lokacin, kuma ba a san shi da jayayya ba.

A ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka tafi da 'Yar'aduwa asibiti a Saudiyya ba tare da ya rubuta wa majalisa takardar miƙa mulki ba kamar yadda sashe na 145 ya tsara. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu babu mai cikakken ikon sa hannu. A ranar 9 ga Fabrairu, 2010, majalisun biyu suka ayyana Jonathan muƙaddashin shugaba bisa hujjar larura, hanyar da babu ita a rubuce a kundi. 'Yar'aduwa ya rasu a ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka rantsar da Jonathan. Shi kuma ya zaɓi gwamnan Kaduna Namadi Sambo ya zama mataimaki da amincewar majalisa, wanda hakan ya sa Patrick Yakowa ya zama Kirista na farko da ya mulki jihar Kaduna a matsayin gwamnan farar hula. Zaɓen mutum ɗaya a 2007 ya sauya shugabanci a Abuja da Kaduna.

Abin bai tsaya nan ba. PDP tana da yarjejeniyar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa, kuma 'yan siyasar Arewa da yawa suna ganin yankinsu bai cika shekara takwas ɗinsa ba. Kwamitin Malam Adamu Ciroma ya fitar da Atiku a matsayin ɗan takarar maslaha na Arewa, amma Jonathan ya kayar da shi a watan Janairu 2011, ya kuma ci babban zaɓe a watan Afrilu. Tarzomar da ta biyo bayan zaɓen a jihohin Arewa ta ci rayuka fiye da 800 bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. Ba za a ce zaɓen abokin takara shi kaɗai ya jawo wannan ba, amma ya fito da wani kuskure a lissafin raba tikiti. Wanda aka ɗauko daga ɗaya ɓangaren domin daidaito, shi ne zai mayar da mulki ɗaya ɓangaren ranar da shugaba ya faɗi, kuma kundi bai san da karɓa-karɓa ba.

An ɗauki wasu darussa daga baya. A gyaran 2010 an ƙara wa sashe na 145 cewa idan shugaba ya yi kwana 21 bai aika takarda ba, majalisa tana iya ba mataimaki riƙo. Buhari ya riƙa aika takardar a tafiye-tafiyensa na jinya, har Osinbajo ya yi riƙo fiye da kwana 100 a jere daga Mayu zuwa Agusta 2017. Haka kuma, bayan rasuwar Abubakar Audu a tsakiyar zaɓen gwamnan Kogi na 2015, inda abokin takararsa James Faleke bai gaji tikitin ba, Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi cewa idan ɗan takarar shugaba ko gwamna ya rasu bayan an fara jefa ƙuri'a, abokin takararsa ne zai ci gaba. Duk waɗannan gyare-gyare sun ƙara wa abokin takara nauyin gado ne.

3.6 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa Nijeriya ta aro muƙamin mataimakin shugaban ƙasa daga Amurka a Kundin 1979, kuma Kundin 1999 ya ɗaure shi da ɗan takarar shugaba a tikiti ɗaya. An ga ma'auni huɗu da 'yan siyasa suke bi, wato ɓangaren ƙasa, da addini, da ƙarfi a cikin jam'iyya, da biyayya. Na ɓangare bai taɓa karyewa ga tikitin da ya yi nasara ba, na addini ya karye a 1993 da 2023, na uku da na huɗu kuma suna karo da juna. An kuma ga cewa ƙuri'ar da abokin takara yake kawowa ta dogara ne ga ƙungiyar da ke bayansa. Daga cikin mutum shida da suka riƙe muƙamin a mulkin farar hula, wato Ekwueme da Atiku da Jonathan da Sambo da Osinbajo da Shettima, ɗaya ya gaji kujerar, ɗaya kuma ya yi dogon riƙo. Saboda haka tambayar ko mutum zai iya riƙe ƙasa gobe ta cancanci zama a sahun farko na ma'aunan, tun da ita ce kundi ya kafa muƙamin dominta. Babi na huɗu zai duba yadda ake gudanar da yaƙin neman zaɓe bayan an kammala haɗa tikiti.